Mastar ɗin koyarwa ba takardar shiga aji ba ce: a gaya wa yaranmu tun daga bakin ƙofa

Yau maganar lakwal ce za mu yi, ta ɓangaren yayyen yara, waɗanda suka gama lisans suna neman inda za su sa gaba.

Duk shekara idan damina ta ja baya, jami'o'i suka fara kiran masu son mastar, sanarwa takan cika mana wayoyi. Wannan ta gwamnati ce, waccan ta kuɗi, wata daga Najeriya, wata daga Lome ko Kwatano, wata kuma ta intanet, kana zaune a ɗakinka a ce za ka gama. Cikin fannonin da ake tallatawa akwai na ilimin tarbiyya da koyarwa, wanda a takarda ake rubuta shi sciences de l'éducation, da ƙannensa: dabarun koyar da darussa, tsara manhaja, auna ƙoƙarin ɗalibai, tafiyar da makarantu. Fanni ne mai kyau, kuma za mu faɗi dalili nan gaba. Amma da yawa daga cikin masu shiga, da iyayen da ke sayar da rago ko buhun wake su biya, sun ɗauka wannan mastar ɗin takardar malanta ce, da an gama sai a miƙa wa yaro alli da lambar albashi. Ba haka abin yake ba, kuma shirun da ake yi a kan wannan bambanci yana cin kuɗin talaka.

Hanyar malanta a ƙasarmu sananniya ce. Mai son zama mushe a firamare ENI yake shiga, makarantar horon malamai, ya fito da takardar CFEEN. Mai son koyarwa a CEG ko lise, akwai ENS ta jami'ar Abdou Moumouni a Yamai, inda ake ba da DAP/CEG da CAPES, inda kuma ake horar da masu ba malamai shawara da sufetocin makarantu, galibi ta hanyar konkur. Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa tana da tsangaya guda ta ilimin koyarwa. Abin da ya haɗa takardun malanta duka shi ne, kafin a ba ka, sai an kai ka aji, ka tsaya gaban yara, wani wanda ya riga ka a aikin ya zauna a baya yana kallonka yana rubutu. Ya ga yadda ka buɗe darasi, yadda ka yi da yaron da bai gane ba, yadda muryarka ta kai bencin ƙarshe ko ba ta kai ba.

Mastar kuwa, a tsarin LMD da jami'o'inmu ke bi, shekara 2 ce bayan lisans. Ana karanta tunanin masana, ana koyon bincike da ƙididdiga, a ƙarshe mutum ya rubuta kundi ya kare shi gaban malamai uku ko huɗu. Waɗannan malaman suna auna rubutunka da hujjarka. Ba su taɓa ganinka da yara ba, ba kuma aikinsu ba ne su gani. A gini ɗaya ma ana iya samun karatun da ke kai mutum ga takardar malanta da wanda ba ya kaiwa, ɗakunansu na jere, shi ya sa rikicewar take da sauƙi. Kamar wanda ya karanci injin mota ne har ya iya zana shi a takarda. Saninsa gaskiya ne, yana da amfani, amma jandarma a kan hanyar Konni ba zai tambaye shi yadda fistan ke aiki ba, farmi zai ce a nuna masa.

A Amurka, inda irin wannan karatu ya yi yawa, kowace jiha ce ke ba malami lasisin koyarwa, jami'a digiri kawai take bayarwa. Don haka jami'o'i da dama can suna da mastar na manhaja da koyarwa iri biyu, kuma a kan na biyun sukan rubuta ƙarara cewa wannan ba ya kai mutum ga lasisi. Su wa ke shiga? Malaman da suka riga suka mallaki lasisinsu suna son ƙarin sani, masu horar da ma'aikata a kamfanoni, masu aiki a gidajen tarihi, marubuta littattafan makaranta, baƙi da za su koma ƙasashensu. Kowa ya san abin da ya saya. Maƙwabtanmu na Najeriya kuwa sun bi ta wata hanyar: suna da hukumar rajistar malamai, TRCN, tun 1993, kuma wanda ya yi digiri a wani fanni yana son malanta sai ya yi difilomar PGDE. Jami'o'insu da yawa ma ba sa karɓar mutum a mastar ɗin ilimi sai ya zo da digirin malanta ko wannan difilomar. Yaranmu da ke tsallakawa Sakkwato, Katsina da Kano karatu sun san da haka. Mu a nan, ba mu rubuta gargaɗin a sanarwa ba, ba mu kuma sa sharaɗin a ƙofa ba.

To, idan ba ta ba da alli, mene ne amfaninta? A nan ne muke rabuwa da masu cewa a rufe irin wannan karatu gaba ɗaya, wai ɓata lokaci ne.

Ku duba abin da mushe yake riƙewa a hannu idan ya shiga aji. Littafin ɗalibi, littafin jagoran malami, jadawalin abin da za a koya daga Oktoba zuwa Yuni. Ba daga sama suka faɗo ba. Wani ne ya zauna ya yanke cewa harafi kaza zai zo kafin harafi kaza, cewa rabawa za ta jira sai an iya ninkawa, cewa minti kaza za a ba karatu kullum. Idan wannan mutumin ya yi kuskure, kuskuren ba aji ɗaya yake shiga ba, yana shiga kowane aji daga Gaya har Bilma, ya kuma zauna shekaru kafin a sake buga littafi. Mushe mara kyau yana ɓata yara 60. Manhaja mara kyau tana ɗaure hannun dubban malamai masu kyau. Wannan aiki sana'a ce mai zaman kanta, tana da ƙa'idoji, kuma ƙasa tana buƙatar ƴaƴanta su iya ta. Tun shekarun 1970 muna da INDRAP, cibiyar da ke rubuta littattafai da kayan koyarwa, amma duk wanda ya san harkar ya san sau nawa ake jiran baƙon ƙwararre ya sauka daga jirgi kafin a taɓa manhaja.

Bari mu kawo misali daga kasuwa. Yarinya ƴar shekara 7 da ke yi wa uwarta tallar ƙosai ta iya lissafi tun kafin ta taka lakwal. Ka ba ta jika ka sayi na dala arba'in, za ta ba ka canjinka daidai ba tare da ta taɓa alli ba. Amma lissafinta da dala yake, dala kuwa faran 5 ce. Abin da ta sani da dala ashirin shi ne littafi yake kira faran 100. Ranar da mushe ya rubuta 100 a allo ya ɗaga kwabon da ta sani da ashirin, me ya faru a kanta? Idan da Faransanci ake darasin, sai ta haddace ta yi shiru, ta raba duniya biyu: lissafin gaskiya na kasuwa, da na lakwal wanda ake yi don mushe. Idan da Hausa ake yi, rikicin ya fito fili, domin kalma ɗaya ce, ashirin, take nufin abu biyu. Mai tsara manhaja na ƙwarai zai ga dama a nan: yarinyar nan tana ninkawa da 5 kullum ba ta sani ba, ga ƙofar shiga jadawalin ninkawa a buɗe. Amma a wane aji za a kawo maganar kuɗi? Kafin a ƙware a ƙirga zuwa 100 ko bayan nan? Da wace kalma za a raba dala da faran? Wannan tambaya ce ta bincike, sai an gwada a azuzuwa, an auna, an kwatanta. Mushe guda da yara 80 a gabansa ba shi da lokacin yin wannan. Aikin mai mastar ke nan.

Ga wani. Yaron da ya fara karatu da Hausa a CI ya koyi cewa harafin c shi ne na ciki da cokali. Ya shiga Faransanci, c ɗin nan ta koma k a wani wuri, ta koma s a wani. U ɗin da ya sani a tuwo, can sai an rubuta ou, ita kuma u ta zama wani sauti da babu shi a bakinsa. Abin da ya rubuta da sh, can ch ne. Wane mako za a gabatar da wanne, don kada na biyu ya rushe na farko? Sannan wace Hausar? Gwamnati ta tsayar da ƙa'idar rubutun Hausa a 1999, amma littafi ya ce biyar, yaron Adar ya ce biyat. Littafi ya ce fari, na Gobir ya ce hwari. Za a ce masa ya yi kuskure a harshen uwarsa tun ranar farko? Ko za a bar kowa ya rubuta yadda yake faɗa? Akwai amsa tsakanin biyun, amma sai wanda ya karanci abin ya kuma saurari yara zai same ta.

Kuma wannan magana ba sabuwa ba ce gare mu. A Damagaram aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da harshen gida a 1973. Dokar ilimi ta 1998, LOSEN, ta ba harsunanmu gurbi a koyarwa. A 2015 aka fara gwada sabuwar manhaja a makarantu 500, wadda ke farawa da harshen yaro. A watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Ko me mutum yake gani game da wannan mataki, abu ɗaya ba ya canzawa: doka ba ta rubuta littafin CE1. Mutane ne za su rubuta, da Hausa, da Zabarmanci, da Fulatanci, da Barbarci, da Tamashek, domin yaron Tillaberi da na Diffa su ma da harshen da suka sha a nono za su fi saurin kama karatu. Fiye da shekara 50 muna gwaji. Ɗaya daga cikin dalilan da gwajin ya ƙi zama gini shi ne ƙarancin masu wannan sana'a.

Akwai kuma waɗanda koyarwa ce aikinsu amma ba za su taɓa neman lambar gwamnati ba. Masu yaƙi da jahilci, waɗanda IFAENF ke horar da jami'ansu a Yamai. Masu azuzuwan gaggawa da ke ɗaukar yaran da suka wuce shekarun shiga CI, su yi musu wata 9 su mayar da su firamare. Masu cibiyoyin koyon sana'a, da ke son sanin ko ɗinki za a fara koya wa yarinya ko awo. Mai Islamiyya da ɗalibai 400 wanda ke son haɗa hadda da lissafi ba tare da ɗaya ya cinye ɗaya ba. Malamin gona, ma'aikaciyar likita mai wayar da kan mata, mai shirin yara a gidan rediyo. Duk waɗannan za su ƙaru da sanin yadda ake jera darasi da yadda ake gane an koya ko ba a koya ba. A ce musu sai sun bi ta ENI kafin su karanci wannan, zalunci ne da rashin lissafi.

To ina matsalar take? Wuri biyu.

Na farko mun taɓa shi: yaron da ya shiga da zaton aiki na jiransa. Ya gama, ya sa riga mai faɗi an yi hoto, an yi walima, sannan ya gano cewa konkur ɗin da ya guje wa yana nan yana jiransa, kuma wanda ya yi CAPES ya riga shi. Sai ya koma makarantar kuɗi yana koyar da Faransanci ana biyansa da awa, ko ya shiga jerin masu ajiye takardu a ƙofar ƙungiyoyi. Gidan da ya sayar da dabba don wannan karatu bai yi laifi ba. Tambaya ɗaya ce ba su san za su yi ba, wanda ya karɓi kuɗin kuma ya san amsar bai faɗa ba. Mu a ganinmu, duk makarantar da ke ba da wannan mastar, ta gwamnati ko ta kuɗi, a tilasta mata ta rubuta a kan sanarwarta, da manyan baƙaƙe, ko takardar tana ba da izinin koyarwa a makarantun gwamnati ko ba ta bayarwa. Layi ɗaya ne. Ma'aikatar ilimi mai zurfi ba ta buƙatar tallafin kowa kafin ta sa wannan doka.

Mun san abin da wani zai ce, kuma yana da gaskiyarsa. Zai ce: wace takardar malanta kuke magana? Tun ƙarshen shekarun 1990 da aka fara ɗaukar ƴan sa-kai, waɗanda suka koma ƴan kwantaragi har suka zama su ne mafi yawa a firamare, an sha tura mutane aji ba tare da horon kirki ba. Ƴan bautar ƙasa ma ana rarraba su CEG da lise da lisans ɗinsu kawai. Idan mai lisans ɗin tattalin arziki zai koyar da lissafi a aji na 4, don me za a hana mai mastar a ilimin koyarwa? Amsarmu ita ce, wancan ciwo ne da talauci da yawan yara suka jawo mana, ba abin koyi ba ne. Kuma mun ga sakamakonsa. A Yulin 2017, lokacin Daouda Mamadou Marthé yana ministan ilimin firamare, an yi wa ƴan kwantaragi jarrabawa, kusan kashi 1 cikin 3 ne kawai suka kai 10 bisa 20. Ƙungiyoyin malamai sun yi tir da yadda aka yi ta, suna da hujjojinsu, amma lambar ta tsaya wa kowa a wuya. Binciken PASEC na 2014 ya nuna yaranmu na ƙarshen firamare da suka kai matakin da ake so a karatu ba su kai 1 cikin 10 ba. A 2019 abin ya ɗaga zuwa kusan 3 cikin 10. An motsa, amma har yanzu 7 na baya. Ƙasar da ke cikin wannan hali ba ta da sararin ƙara wata ƙofar baya zuwa aji. Mai mastar da ke son alli, marhaba, ya je ya yi horon aji a duba shi kamar kowa. A rage masa darussan da ya riga ya yi, wannan adalci ne. Amma tsayuwa gaban yara ba a yafe wa kowa ita.

Wuri na biyu ya fi damunmu, don shi ba a ganinsa. Shi ne wanda ya yi sa'a. Ya gama mastar, ya iya Faransanci mai santsi, ya iya kwamfuta, wani furoje ya ɗauke shi, shekara 3 sai ga shi ƙwararre. Daga lise zuwa jami'a, daga jami'a zuwa ofis mai sanyi, bai taɓa kwana a garin da lakwal ɗinsa na zana ba ne. Shi ne zai zauna a taron bita a otal, ana shan lemo ana karɓar kuɗin zama, ya rubuta cewa a raba yara rukuni-rukuni na mutum 5, kowane rukuni da kayan aikinsa. Mushen da ke wani ƙauye bayan Dakoro ya karɓi takardar ya duba ajinsa: yara sun haura 80, a ƙasa suke zaune, littafi ɗaya na mutum huɗu, rabin ajin CI ne rabi CP don malami ɗaya ne. Ya ninke takardar ya sa a aljihu ya ci gaba da abin da ya saba. Daga baya a rubuta rahoto a ce malamai ba sa son canji.

Wanda bai zauna a can ba bai san cewa shekarar karatun da ya lissafa a takarda ba ita ce ta ƙauye ba. An ce a koma a Oktoba, amma ajin zana sai an gama girbi an samu kara, yaran ma suna gona. Ƙarshen wata mushe ya tafi gari neman albashi, kwana biyu ko uku sun tafi. Ranar kasuwa rabin ƴan mata ba sa zuwa. Afrilu ta zo da zafin da bayan ƙarfe 11 ba abin da ke shiga kan yaro. Iskar farkon damina ta kwashe rumfar, shekara ta ƙare ba a sanar ba. Manhajar da aka auna da makonnin takarda, dole mushe ya yi ta gudu ko ya yanke ƙarshenta, kuma abin da ke ƙarshen littafin CP shi ne tubalin farkon CE1. Haka ramin yake fara zurfi tun yaro bai kai shekara 9 ba.

Masu kare wannan hali sukan ce ai mai zanen gida ba sai ya iya ɗora bulo ba. Gaskiya ne. Amma mai zanen da bai taɓa zuwa fili ya ga irin ƙasar ba, bai san inda ruwa ke bi ba, magina sun san abin da suke yi da zanensa. Ba mu ce dole mai tsara manhaja ya mallaki CFEEN ba. Cewa muke dole ya san aji da jikinsa. Mutumin da aka sa wa babbar jami'armu sunansa, Abdou Moumouni, ɗan Tasawa, malamin fizik ne, ya koyar a lise a Dakar da Konakiri da Yamai. Littafinsa kan ilimi a Afirka da ya fito a 1964, wanda a ciki ya kare koyarwa da harsunanmu, har yau ana karanta shi, kuma mai karatu yana jin cewa marubucin ya sha ƙurar alli.

Saboda haka abin da muke nema daga masu ba da wannan digiri shi ne kada a ba kowa shi sai ya yi zango guda cur a makaranta ɗaya. Ba ziyarar kwana uku da takardar tambayoyi ba. Wata uku, kullum, tare da mushe guda, yana taya shi gyaran kayye, yana karɓar darasi wani lokaci, yana ganin wane yaro ne ya daina zuwa da dalilin da ya sa. Kuma kada duka su taru a makarantun tsakiyar Yamai. A tura wasu Mayahi, wasu Tanut, wasu Illela. Wannan ba zai mayar da su malamai ba, ba a kuma ce ya ba su izinin koyarwa ba. Zai dai sa idan sun ɗauki biro za su rubuta a raba yara rukuni, fuskar wani aji ta faɗo musu a rai.

Sai kundayen da ake rubutawa. Kowace shekara ana kare su, a tafa, a ɗaure su da baƙar leda a jera a kabad, ƙura ta gaje su. Alhali malamai suna da taronsu na CAPED, inda na makarantun yanki ɗaya ke haɗuwa su tattauna aiki, sau da yawa ba su da sabon abin tattaunawa. Me zai hana a ce duk mai kundi sai ya taƙaita abin da ya gano a shafi biyu, da harshe mai sauƙi, ya koma yankin da ya yi binciken ya faɗa wa malaman da suka ba shi lokacinsu? Idan abin da ya gano ba shi da amfani, a nan zai ji, kuma gara ya ji daga bakinsu tun yana ɗalibi.

Abin da ya fi ba mu takaici shi ne, mutanen da wannan mastar ta fi dacewa da su, su ne ƙofarta ta fi yi wa nisa. Madam ɗin da ta shekara 15 tana riƙe da CI, wadda ta san da idonta wane harafi ne yara ke tuntuɓe a kai, da birbe ta shiga ENI, ba ta da bak balle lisans. A tsarin takardu ba ta isa ta zauna a ajin da ake maganar aikinta ba. Ba muna cewa daɗewa a aji shi ne sani ba. Akwai wanda ya daɗe bai san komai ba sai haddatarwa da bulala. Amma cikin dubban nan akwai masu kaifin kai da in an ba su ƙa'ida da hanyar bincike, su ne za su rubuta mana littattafan da za su yi aiki. A buɗe musu tsani: a auna abin da suka iya a lissafa musu shi, a yi musu karatu lokacin hutu da ƙarshen mako a Maraɗi, Damagaram da Tawa, tun da tun 2010 jihohin nan suna da jami'o'insu, ba sai mace ta bar ƴaƴanta ta tare a Yamai ba. Idan aka zaunar da ita benci ɗaya da saurayin da ya zo kai tsaye daga lisans, shi ya taya ta ƙididdiga, ita ta gaya masa abin da ke faruwa ranar Litinin da safe, ajin da kansa ya zama rabin horon.

Kafin hukuma ta motsa, rajista ba ta jira. Baba, inna, yaya mai biyan kuɗi, idan yaro ya kawo muku sanarwar nan, ku sa shi ya koma ya tambayo. Takardar nan tana ba da izinin koyarwa a makarantar gwamnati, e ko a'a, kuma a rubuce. Gwamnati ta amince da wannan karatun, ina lambar takardar amincewar, in kuma ta waje ce ko CAMES ta san da ita. Wata nawa ake yi a cikin aji na gaske, a wace makaranta. Waɗanda suka gama bara da bara waccan, ina suke aiki yanzu, a ba shi sunan wurare uku ya je ya gani da idonsa. Shi ma yaron ku tambaye shi ko alli yake so ko tsara abin da mai alli zai koyar. Idan alli ne, ku ajiye kuɗin, ya je ya duba ranar da za a buɗe konkur ɗin ENS.